Bindigar Da Ba Ta Tsatsa: A Yi Lissafi Kafin A Sayar Da Masara

Akwai wata magana da ake yi ƙasa-ƙasa a ƙauyukanmu na Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, a gefen kasuwa, a majalisar dare, har ma a harabar majami'a bayan an tashi sujada. Maganar kuwa ita ce ta sayen bindiga. Kuma ba kowace iri ake nema ba. An raina adaka da harba-ka-ruga, an raina mai baki ɗaya ta maharba. Yanzu ido yana kan wadda ake kira famfakshan, wato mai famfo, wadda ake zuge mariƙinta baya da gaba, ta tofar da kwanson da aka harba ta ɗauki sabon harsashi. Cikin masu famfon ma fara ake so, mai ƙyalli, wadda aka ce ba ta tsatsa, kuma aka ce wuyar samu gare ta sai wanda ya san hanya.

Ra'ayinmu a wannan fili shi ne, magidancin da ya sayar da masararsa ko shanun huɗarsa ya sayi wannan bindiga a ɓoye ya yi cinikin asara, ya kuma jawo wa gidansa haɗarin da ya fi wanda yake gudu. Za mu kawo dalilanmu ɗaya bayan ɗaya. Amma kafin nan ya wajaba mu ba masu wannan tunani haƙƙinsu, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ba don sha'awa manomi yake tunanin bindiga ba. A watan Yunin 2020 'yan bindiga suka afka wa ƙauyen Kadisau a Faskari suka kashe aƙalla mutum 20. Ranar 11 ga Disambar wannan shekara suka shiga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara da dare suka kora ɗalibai cikin daji kamar tumaki, sai ranar 17 ga wata aka sako yara 344. A watan Janairun 2023 suka shiga wata majami'a a yankin Gidan Haruna ta Ƙanƙara ana cikin sujadar Lahadi, suka raunata mai wa'azi suka tafi da masu ibada. Ba mu manta da 2021 ba, lokacin da gwamnati ta rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, ta hana cinikin dabbobi a kasuwanni da dama, aka kuma katse layin waya a ƙananan hukumomi 13 har na tsawon watanni, mutum yana ganin hari tafe ba shi da halin kiran kowa. Wanda ya biya kuɗin fansar matarsa, ya biya harajin shiga gonarsa ta gado, ba za a ce masa ya yi rashin hankali ba idan ya fara tambayar farashin bindiga.

Bugu da ƙari, manya ne suka fara faɗa. A watan Maris na 2018 Janar T. Y. Danjuma ya tsaya a Jalingo ya ce jama'a su tashi su kare kansu. A 2021 gwamnan Katsina na lokacin, Aminu Bello Masari, ya yi irin wannan kira fiye da sau ɗaya, ya ce mutane su nemi makamai. Sashe na 33 na tsarin mulkin 1999 ma ya amince mutum ya yi amfani da ƙarfi daidai gwargwado domin kare rai ko dukiya daga mai ta'adi. Saboda haka babu wanda yake musun cewa uba yana da haƙƙin tsayawa gaban iyalinsa. Abin tambaya shi ne, shin wannan bindiga, ta wannan hanya, za ta yi masa aikin da yake zato?

Mu fara da ita kanta bindigar. Masu famfo marasa tsatsa na asali a Amurka ake ƙera su, irin su Remington 870 Marine Magnum da Mossberg Mariner. Ana lulluɓe ƙarfensu ciki da waje da wani sinadari irin su nikel, domin an yi su ne saboda masu aiki a jiragen ruwa, inda gishirin teku ke cinye ƙarfe cikin ɗan lokaci. Kamfanin Remington ya durƙushe a 2020, aka karkasa kadarorinsa aka sayar, aikin ƙira ya tsaya na wani lokaci, har a can ƙasarsu samun wannan samfuri ya yi wuya. To, abin da ya yi wa Ba'amurke wuya a shagon garinsu, yaya aka yi ya zo hannun wani dillali a bayan tashar mota yana nema wa manomin Sabuwa rangwame?

Abin da ya fi shigowa ƙasar nan mun san shi daga kamun da hukumar Kwastan take yi. A 2017 kaɗai an yi kamu huɗu a Legas: guda 661 a watan Janairu, 440 a watan Mayu, sannan 1,100 da kuma 470 a watan Satumba, jimla masu famfo 2,671, akasarinsu daga Turkiyya, an ɓoye su cikin kwantena a ƙarƙashin ƙofofin ƙarfe da kayan famfon ruwa. A 2024 kuma aka kama bindigogi 844 da harsasai 112,500 a tashar jiragen ruwa ta Onne a jihar Ribas. Kayan fasa-ƙwauri ne, babu rasit, babu shaidar inganci. Tsakanin tashar ruwa da ƙauyenmu kuwa hannuwa da yawa ne, kuma ƙyalli ba shi da wuyar yi, gwangwanin fenti ɗaya ya isa. Mutumin da aka sayar wa ƙirar maƙera da farin fenti, bututunta ya fashe masa a fuska ranar da ya fi buƙatarta, wurin wa zai kai ƙara? Ba zai je wurin 'yan sanda ba, ba zai je wurin alƙali ba, ko dagaci ba zai iya gaya wa ba. Mayaudari ya san da haka tun kafin ya buɗe buhu.

Har ila yau mu tambayi kanmu, me ya sa mutumin da ke zaune ɗaruruwan kilomita daga teku yake neman bindigar matuƙa jirgin ruwa? Maharbanmu sun shekara da shekaru suna riƙe bindigoginsu da ɗan mai da tsumma, damina da rani, ba su koka da tsatsa ba, domin a rataye suke a ɗaki kowa yana gani. Mai neman wadda ba ta tsatsa ya riga ya san inda zai ajiye ta: a rami bayan ɗaki, ko cikin jinka, ko ƙarƙashin rumbu, saboda ba shi da takarda. Bindigar da aka binne kuwa, kafin a tono ta a tsakar dare a lalubo harsashi cikin duhu, mai aukuwa ta auku.

Dalili na biyu shi ne doka, kuma a nan ne mutane da yawa suke cikin duhu. Dokar makamai ta 1959, wadda aka yi wa gyare-gyare, ta kasa bindigogi kashi uku. Kashi na farko su ne haramtattu, irin na soja da masu jigida da ƙananan bindigogin aljihu, waɗanda sai da izinin Shugaban Ƙasa. Kashi na biyu su ne na amfanin kai, irin mai baki ɗaya da mai baki biyu, lasisinsu yana hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Kashi na uku su ne na toka, waɗanda ake ɗura wa albarushi ta baki, su kuma Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha ke ba da izininsu. Mutane suna ɗauka mai famfo tana kashi na biyu, alhali dokar ta cire duk wadda take da na'urar sake ɗura harsashi daga wannan kashi. Shi ya sa a watan Fabrairun 2018, da Sufeto Janar Ibrahim Idris ya ba da umarnin tattara haramtattun makamai, ya sa masu famfo kowace iri cikin jerin. A watan Agustan 2023 kuma Sufeto Janar Kayode Egbetokun ya ba da sanarwar dakatar da ba da lasisin ƙananan makamai baki ɗaya. Hukuncin wanda aka samu da haramtacciyar bindiga ba tare da izini ba ɗaurin shekara 10 ne.

Mu yi lissafin wannan da kyau. Magidanci ya sayi bindiga domin kada a raba shi da iyalinsa na wata biyu a daji, sai ga shi an raba shi da su na shekara 10 a gidan yari. An gudu daga gara an faɗa wa zago. Kuma a yankin da jami'an tsaro suke neman masu kai wa ɓarayin daji makamai, wanda aka samu da bindiga a rami zai sha wuya kafin a yarda shi manomi ne. Furucin gwamna a rediyo ba lasisi ba ne, alƙali kuwa takarda zai tambaya.

Dalili na uku shi ne ƙarfin makamin. Mai famfo tana watsa ƙwayoyin dalma ne, amfaninta bai wuce taku 40 zuwa 50 ba, kuma cikinta ba ya ɗaukar fiye da harsashi 5 zuwa 8. Wanda zai zo kuwa yana riƙe da AK-47 mai harsashi 30 a kwanso ɗaya, wadda ke samun mutum daga nisan mita 300, kuma ba shi kaɗai yake zuwa ba, babura ne bibbiyu da uku-uku. Ƙarar harbi ɗaya daga gida guda ta isa ta nuna musu inda za su tattara wuta.

Ba labarin ƙanzon kurege muke yi ba. A farkon watan Fabrairun 2023 aka sace shanu a yankin Bakori, 'yan sa-kai daga ƙauyuka da dama suka taru da makamansu suka bi sawu har dajin 'Yargoje a Ƙanƙara, aka yi musu kwanton ɓauna. 'Yan sanda sun ce an kashe mutum 41, mutanen yankin kuwa sun ce adadin ya zarce haka nesa. Jarumai ne, ba wanda zai ce ba su da zuciya, amma zuciya ba ta ƙara wa bindiga nisa. A watan Agustan 2025 kuma aka far wa masallata da asuba a Unguwar Mantau ta Malumfashi aka kashe fiye da mutum 30, gwamnatin jiha da kanta ta ce ramuwar gayya ce saboda mutanen garin sun yi galaba a kan maharan 'yan kwanaki kafin nan. Darasin a fili yake: ko gari ya yi nasara yau, muddin babu jami'an da za su tsaya masa gobe, nasarar tana iya komawa makoki. In haka ta samu gari guda, ina ga mutum ɗaya a gidansa?

Dalili na huɗu yana cikin gida. Mahari yakan zo sau ɗaya a shekara ko bai zo ba, amma bindiga tana nan kullum, tare da yara masu tone-tone, da samari masu zafin kai, da rikicin iyakar gona, da faɗan gado, da ranar da dabbar wani ta shiga shuka. Abin da dā sanda za ta raba a kai wa mai unguwa, yanzu sai a kai gawa. Sannan a garin da infoma ya yi yawa asiri ba ya rufuwa. Bindiga dukiya ce a wurin ɓarawon daji, kuma gidan da aka ji tana ciki shi ne za a fara kewayewa.

A nan akwai maganar da ta shafe mu kai tsaye. A waɗannan ƙananan hukumomi mu 'yan kaɗan ne a tsakiyar 'yan'uwanmu Musulmi, harshenmu ɗaya, kasuwarmu ɗaya, da yawanmu ma kakanninmu ɗaya. Ɓarawon daji bai tambayi addinin kowa ba, ya shiga masallaci ya shiga majami'a. Amma ranar da aka tono bindigogi uku a gidan wani dattijon ikilisiya, ba za a ce an kama wane ba, cewa za a yi Kirista suna tara makamai, kuma kafin gaskiya ta ɗaura ɗamara ji-ta-ji-ta ta kai Funtuwa. Zaman amanar da iyayenmu suka gina shekara da shekaru yana iya rushewa a yini ɗaya. Saboda haka muna kira da babbar murya: kada a taɓa kuɗin baiko ko na zakka ko na zumuntar mata a sayi makami, kada kuma a mai da ɗakin sujada ko gidan mai bishara wurin ajiyarsa.

Mun san wasu sukan kawo labarin Nehemiya, yadda maginan garun Urushalima suka yi aiki da makami a kusa da su. Gaskiya ne. Amma a karanta labarin duka. Nehemiya ya zo da takardun izini daga sarki, ya jera mutane iyali-iyali a fili kowa ya san wurin tsayuwarsa, ya raba su masu aiki da masu tsaro, ya kuma ajiye mai busa ƙaho domin a taru wuri ɗaya idan an ji ƙara. Babu inda kowa ya sulale shi kaɗai ya binne takobi a bayan ɗakinsa. Wanda zai yi koyi da shi sai ya ɗauki izinin da tsarin tare da makamin.

To, mene ne abin yi? Ba mu ce a naɗe hannu a jira mutuwa ba. Na farko, tsaro ya zama na gari ne baki ɗaya, Musulmi da Kirista, Hausawa da Fulanin da ke zaune lafiya da mu, a ƙarƙashin mai unguwa da dagaci da hakimi, da sanin babban jami'in 'yan sanda na yanki, da sunayen masu sintiri a rubuce. A watan Oktoban 2023 Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta jiha da matasa 1,466 a rukunin farko, waɗanda aka ɗebo daga garuruwansu aka horar da su aka ba su kayan aiki. Saurayin da yake jin zai iya riƙe makami, ga ƙofa nan ta halal, inda akwai horo da shugaba da wanda zai amsa tambaya idan an yi kuskure. Iyaye da dattawan ikilisiya su daina hana 'ya'yanmu shiga irin wannan aiki suna bar wa maƙwabta kaɗai, alhali in dare ya yi barcinmu ɗaya.

Na biyu, kuɗin bindiga ɗaya idan aka zuba shi a asusun gari zai sayi abubuwan da suke ceton rai kowane mako: wayoyi da na'urar cajin hasken rana ga masu gadi, fitilu masu ƙarfi, usur da ƙararrawa, man babur na kai wanda ya ji rauni asibiti, da kayan tsai da jini. A yi yarjejeniya da ƙauyukan kewaye a kan yadda za a sanar da juna da zarar an ga ƙurar babura. A san tun da rana hanyar da mata da yara da tsofaffi za su bi da inda za su fake, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Minti goma na gargaɗi ya fi harsashi takwas amfani.

Na uku, a kafa ƙa'idoji a kuma tsaya a kansu. Ba a bin sawun shanu cikin daji ba tare da jami'an tsaro ba, ran mutum ya fi garke. Ba a kama mutum a kasuwa a kashe shi don kamanninsa ko harshensa. Wanda ake zargi a miƙa shi ga hukuma da ransa. Kowa ya san yadda ɗaukar doka a hannu ya hura wannan wuta tun farkonta, ya mai da satar shanu ta zama gabar jini. Wanda kuma ya riga ya sayi bindiga ba takarda, shawararmu ita ce ya nemi hakiminsa ko wani lauya mai amana su yi masa jagora ya miƙa ta tun ba a zo nema ba.

Daga ƙarshe muna da magana da hukuma, kuma ba za mu tauna ta ba. Sashe na 14 na tsarin mulki ya ce tsaro da jin daɗin jama'a su ne babban dalilin kafa gwamnati. Bai dace a riƙa yi wa talaka magana biyu ba. A watan Yunin 2022 gwamnatin Zamfara ta ce za ta raba fom 500 ga kowace masarauta cikin 19 domin neman lasisin bindiga, nan take 'yan sanda suka ce ba a ɗage hanin ba da lasisi ba, Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ce gwamna ba shi da wannan iko. Gwamna ya ce saya, Abuja ta ce kada ka saya, wanda zai kwana a kurkuku kuwa manomi ne. Mun kuma ga zaman sulhu, na Dankolo a Sabuwa a 2019 da na Faskari a 2025, inda 'yan bindiga suka zo rataye da manyan makamai a gaban shugabanni suka koma da abinsu. Idan talaka ya ga haka, da wane baki za a ce masa ya girmama doka?

Saboda haka muna roƙon 'yan majalisarmu na jiha da na tarayya su tsaya a fitar da matsaya ɗaya bayyananna. In gwamnati ta ga lalle sai al'umma ta riƙe makami, to a yi shi a fili: a tantance mutane ta hannun masu gari, a horar da su, a yi wa kowace bindiga rajista, a san inda take kwana. In kuwa ba za a yi haka ba, to a daina cewa mutane su kare kansu, a kawo jami'ai isassu su zauna a ƙauyuka, a gyara hanyoyin da za su bi su iso kafin a yi ihu bayan hari. Shugabannin addini na ɓangarorin biyu su haɗa baki su kai wannan kuka tare, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Kafin a kai ga haka, ɗan'uwa, idan dillali ya zo maka da raɗa cewa ya samo fara mai ƙyalli saura guda ɗaya tak, ka tuna da harsashi takwas, ka tuna da shekara 10, ka dubi yaran da ke wasa a tsakar gidanka. Ka bar masararka a rumbu, ka je taron gari a sa sunanka cikin masu gadi.

Allah Ya ta'azantar da waɗanda suka yi rashi, Ya komo da waɗanda suke hannun ɓarayi gida lafiya, Ya ba shugabanninmu tsoronsa, Ya kuma maido mana da kwanciyar rai a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa da ƙasarmu baki ɗaya. Amin.